Jikarki da Ba Ta Waƙa

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata, Mama Saratu,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina gaishe ki da hutawa. Da a gida wannan takarda za ta same ki, da na fara da tambayar ƙafarki da gonarki da matan zumunta na coci. To inda kike babu ciwon ƙafa, kuma ba na shakka tun ranar da kika isa kin gyara wa mawaƙan can layi. Mu nan Kafanchan muna lafiya. Surukinki Bulus yana gaisuwa. Jikanki Dauda ya yi tsawo har sai ya sunkuya yake shiga kicin. Ƙanwarki Anti Rifkatu kuma ta ce in gaya miki har yau ba a sami mai buga tulu kamarki ba, ko da yake ita ce take bugawa yanzu.

Maganar jikarki Kasham ce ta sa na ɗauki biro. Na nemi izininta tukuna, domin a makarantar da nake aiki zan fitar da takardar, na san ɗalibaina da iyayensu za su karanta. Ta ce in rubuta, amma kada in ƙara gishiri. Kin san 'yarki Hannatu, wannan sharaɗi ya fi mini azumi wuya, amma zan ƙoƙarta.

Kin tuna al'adarki idan an yi haihuwa a danginmu? Kafin ki tambayi ko mace ce ko namiji, sai ki tsaya a bakin ƙofa ki kasa kunne ga kukan jariri, ki raba masa murya. Ni aka ce kin ji kukana tun daga waje kika ce sufurano, muryar sama. Dauda ya tsala ihu kika ce tena, muryar maza ta sama. Ko Bulus da ya zo neman aurena ba ki tambayi aikinsa ba. Kin sa shi ya ja baiti ɗaya, da kika ji bes ɗinsa, wato kakkaurar muryarsa, ya kaɗa kwanukan da ke kan kanta, sai kika ce a kawo wa yaron nan ruwa ya sha.

Ranar da aka haifi Kasham kin tsaya a bakin ƙofa kin daɗe. Ungozoma ta ɗan mintsine ta, ta yi wani ɗan guntun kuka kamar na mai neman uzuri, ta koma barcinta. Kika shigo kika leƙa fuskarta, kika ce da Hausarki wadda ba ruwanta da raba mace da namiji: “Wannan yaro kam sai mun jira shi.” Kin yi ta jira har Ubangiji ya kira ki tana sakandare, ba ki ji baiti ɗaya daga bakinta ba.

Ba sai na gaya miki irin gidan da kika bari ba. A coci ba a kiranmu da sunan Baba, gidan Saratu ake cewa. Biki ba ya tashi sai mun iso, jana'iza ba ta yin daɗin ji sai mun ja waƙa. Wanke-wanke ma da muryoyi huɗu muke yinsa. A tsakiyar wannan hayaniya Kasham ta tashi, tana zaune ƙarƙashin tebur tana kallon tururuwa. Na sa ta cikin mawaƙan yara, malamarsu ta kira ni gefe ta ce yarinyar tana da biyayya, tana buɗe baki daidai da kowa, sai dai babu abin da yake fitowa.

Tana firamare maƙwabcinmu Papa Okoro, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasan nan, ya ba ta zomaye biyu. Duk cikin halittun Allah, Mama, sai ta zaɓi wadda ba ta kuka. Ta haɗa musu akurki da katakon da ta tsinto, ta san wane ganye suke so da wanda yake kumbura musu ciki, kafin ta gama sakandare bayan gidanmu ya cika da dogayen kunnuwa. Mu kuwa muna da wasanmu da muke yi mata. Duk baƙon da ya tambaya ina muryar wannan, sai mu ce ai musanya aka yi mana a asibiti, tamu tana can wani gida tana damun mutane da waƙa. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Da ƙauna muke faɗa, kin sani, don ke ma kin faɗa.

Ta sami gurbi a kwalejin horar da malamai ta Gidan Waya, tana karanta aikin gona. Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu ta dawo hutu, aka koma ba ta koma ba. Ta ce ta gaji, na ce ta huta. Tana kwance rana ta fito, tana kwance rana ta faɗi. Abinci sai ta taɓa ta ture. Aikina ke nan a makaranta, zama da yaran da wani abu yake ci musu rai, amma a gida ban ga komai ba, domin yarinyar da take shiru tun haihuwa, idan ta ƙara shiru wa zai lura? Ashe shiru iri biyu ne. Akwai nata na kullum, mai ido a buɗe, wanda yake kallon komai. Akwai kuma wannan baƙon da ya shigo ya rufe taga.

Wata safiya na zagaya baya na tarar da Bulus da kayan ofis yana tura ganyen dankali cikin akurki. Ya ce ya jima shi yake ba su, wai Kasham ta ce masa a sayar ko a yanka, duk ɗaya ne a wurinta. A nan na gane abin ya wuce gajiya.

Na gaya wa Anti Rifkatu. Kin san ƙanwarki, ba ta jin magana ta bar ta ta kwana. Ta ce: “A gidan Saratu ba a kwanciya da baƙin ciki, tashe shi ake yi da kiɗa.” Ran Asabar da la'asar sai ga ta da matan zumunta cikin zanensu na taro, da tulu da ganga da caki. Suka jeru ƙarƙashin tagar Kasham suka ɗauka. Mama, waƙa ta yi daɗi. Maƙwabta suka fito, yara suka hau katanga, Papa Okoro ya zo yana rawa da sandarsa. Bulus ya shiga da bes, ni na ɗauki sama, har na aika a sayo ƙanƙara aka dama kunu. Da aka yi addu'ar rufewa, Anti ta ce a buɗe ƙofa a ga aikin Ubangiji. Muka buɗe. Ashe duk tsawon lokacin nan katifa muke yi wa waƙa.

A bayan akurkin zomaye na same ta, a tsugune, ƙafafunta cikin taɓo, hannuwanta a kan kunnuwa. Na tsuguna kusa da ita. Ba ta yi kuka ba, a hankali ta yi magana, kamar mai ba da labarin wani. Ta ce: “Mama, muryoyin ai huɗu ne, kuma kun cika su. Ke da Baba da Dauda da Anti. Da babu ni ma babu abin da zai ragu. Ku da kanku kun ce musanya aka yi.”

Idan ɗalibi ya faɗa mini irin wannan magana a ofis, ba na barinsa ya koma gida shi kaɗai. Ranar ban bar ta ita kaɗai ba, kuma da Litinin ta zo muka kama hanyar Jos wurin likita.

Likitar mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, ita da Kasham suka fahimci juna nan da nan. Ta ce sunan abin ciwon damuwa, kuma cuta ce kamar hawan jini, tana da magani, tana bukatar haƙuri. Ba lalaci ba ne, ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ni da saurin bakina na tambaya ko maganin zai sa ta riƙa shiga mutane. Likita ta dube ni ta ce: “Madam, shirunta halinta ne, ba shi za mu yi wa magani ba.” Na riƙe wannan magana, na kuma sha maimaita ta ga iyayen ɗalibaina tun daga lokacin.

Da kin ga gidanki a watannin da suka biyo baya, da kin yi dariya har da hawaye. Gidan Saratu yana koyon shiru. Dauda ya mayar da gwajin waƙarsa gidan abokinsa, har uwar abokin ta aiko tana tambaya laifin me suka yi mana. Bulus ya koma yin raɗa, amma kin san raɗar mai bes, gilasan taga suna amsawa. Kasham da kanta ta ce masa ya yi magana yadda ya saba, raɗar ta fi tsoratar da ita. Ta ce ba ta ƙi jin waƙarmu ba, abin da ba ta so shi ne a auna ta da ita.

Ni kuma aka ba ni aikin rakiya. Likita ta ce ta riƙa fita da safe tana motsa jiki, sai muka riƙa bin gefen layin dogo muna yanko wa zomaye ganye. Doka ɗaya ta kafa mini, kada in tambaye ta yaya take ji yau. Mama, ban san haka nake da surutu ba sai da aka hana ni. Ina tafe sai in ji wata waƙa tana fita ta hancina ba da izinina ba. Sai ta ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ta waiwayo ba, in haɗiye. A wannan tafiya na ga abubuwan da na shekara ina wucewa ban gani ba. Ta nuna mini inda tsuntsuwar buda take yin gida a tsakanin duwatsun layi, da ciyawar da take rufe ganyenta idan an taɓa ta. Ashe 'yata tana da labari da yawa, ba a taɓa yin shirun da zai ishe ta ta fara ba ne.

Ba zan ce miki sauƙi ya zo a miƙe ba. Magani ya ɗauki lokaci kafin ya kama. Akwai makon da za ta tashi ta share akurki har ta yi wa Dauda tsiya, akwai makon da za ta koma gado kamar ba a taɓa farawa ba. A irin waɗannan ranaku nakan shiga in zauna a bakin gadon da guga ko tsintar shinkafa, in yi aikina, in fita.

Anti Rifkatu kuwa ta yi fushi. Ta ji an ce likita, an ce ƙwayoyi, ta ce mu a danginmu ba mu san wannan ciwo ba, na 'yan boko ne, kuma an raina addu'arta. Ta ɗauke ƙafa daga gidanmu. Fasto ya yi mata magana, ya ce mai ciwon suga ma muna yi masa addu'a kuma muna tuna masa ya sha maganinsa. Ta ce ta ji, amma ba ta zo ba.

Sai da aka fara haƙar citta. Wata rana da hantsi sai ga ta a kan acaɓa, ba tulu, ba zanen zumunta, da daro cike da ɗanyar citta da wuƙaƙe biyu. Ko gaisuwar kirki ba ta yi mini ba. Ta shimfiɗa buhu a baranda inda Kasham take zaune, ta ajiye wuƙa ɗaya kusa da ƙafarta, ta fara tsaga citta tana jefawa gefe don shanya. Ina kicin ina leƙe. Anti Rifkatu, wadda ko a cikin barci takan yi magana, ta zauna bakinta a rufe har inuwa ta matsa. Can sai na ga hannun Kasham ya ɗauki wuƙa.

Daro ya yi rabi kafin Anti ta buɗe baki, kuma labarinki ta bayar, Mama. Ta ce bayan da kika rasa ɗan da kika haifa kafin ni, kin daina waƙa. Kin juya fuska ga bango, ba coci, ba kasuwa, ba wanka sai an matsa miki. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce a mayar da ke gidan iyayenki. Sai Kaka, mahaifiyarku, ta taso daga ƙauye, ba ta tambaye ki komai ba. Kullum ta shimfiɗa buhu kusa da ke, ta zuba citta, ta ajiye miki wuƙa, ta yi ta tsagawa. Haka har kakar citta ta wuce, kuma ba a ranar da kika ɗauki wuƙa kika warke ba, sai da damina ta sake zagayowa. Anti ta ce: “Ina ƙarama lokacin, na manta. Ko kuma na so in manta.” Sannan ta nuna Kasham da tsinin wuƙa ta ce: “Ke ba musanya ba ne. Jinin Saratu ne ke, har da wannan ɗin.”

Mamana. Na tsaya a kicin da ludayi a hannu ina kuka kamar yarinya. Na girma ina ganinki kamar rana, ban taɓa tunanin kin san duhu ba. Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ba tuhumarki nake yi ba. A zamaninku abin ba shi da suna, kuma abin da ba shi da suna da wuya a ba 'ya'ya labarinsa. Amma da ina da hali, da na koma wancan ɗaki na zauna kusa da wannan matashiyar mai fuska a bango, na riƙe mata hannu. Yanzu idan na tuna yadda kike jan waƙa da ƙarfi kina daka, nakan ji ta da wani kunne dabam.

Bari in kai ki ga abin da ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto. Kin san Lahadin ƙarshen shekara, ranar godiya ta iyalai, da ake kiran kowane gida da sunansa su taso daga bakin ƙofa da rawa har gaban bagade da baikonsu, wato kyautar godiyarsu. Kin kuma san gidan Saratu ake ajiyewa ƙarshe, domin mu muke cinye lokaci. A wannan karo na ɗinka mana anko, na ɗinka da nata, na ajiye mata a kan kujera. Na ce idan ta so ta zauna a gida, idan ta so ta zo ta zauna a benci, duk ɗaya ne a wurinmu. Na faɗa da gaske, ko da yake cikina yana ta addu'a.

Da safe sai ga ta ta fito cikin ankon, da takalmin kambas a ƙafa. Ta ce: “Zan je gaba, amma ba zan yi rawa ba. Tafiya zan yi.” Na ce to ni ma tafiya zan yi tare da ita, kafaɗa da kafaɗa. Ta dube ni kamar mai shakka, na ce na yi alkawari.

Aka kira gidan Saratu. Anti ta saki kiɗan tulu, masu ganga suka amsa. Bulus ya wuce da doya a ka yana juyi, Dauda yana bin sa da zakara a hammata, 'yan uwa suka rufa musu baya da guɗa. Ni da Kasham muna can baya muna takawa kamar masu zuwa karɓar sakamakon jarrabawa. Na ɗaure fuska, na manne hannuwana a jiki. Amma Mama, kiɗan nan naki ne, wanda kike ɗaukowa a hankali sannan ki karya shi a tsakiya. Kafaɗata ta hagu ta fara. Na danne ta, ta dama ta ɗauka. Kafin mu kai rabin coci ƙugu ya shiga maganar.

Sai na ji dariya a gefena, irin wadda na daɗe ban ji ba, har tana riƙe ciki. Ta matso kusa da kunnena ta ce: “Mama, kina ba ni tausayi. Je ki yi rawarki, ina nan bayanki.” Na ce alkawari fa? Ta ce ta yafe. Ban jira ta sake faɗa ba.

Muka taru a gaba muna haki. Fasto ya yi tambayar da yake yi wa kowane gida kafin ya sa albarka, ya ce gidan Saratu kun cika? Anti ba ta ɗaga hannu daga tulu ba, ta ce saura ɗaya, a ci gaba da kiɗa. Ga Kasham nan tafe a tsakiyar coci, ita kaɗai, a natse, hannuwanta a baya, ba ta ƙara sauri ba kuma ba ta tsaya ba. Ta iso ta shiga tsakanina da babanta. Anti ta buga tulu bugu na ƙarshe ta ce: “Fasto, yanzu mun cika.”

A hanyar gida ta ce kunya ta kusa kashe ta, kuma baɗi idan muka sake tsayar da coci saboda ita za ta koma gidan Papa Okoro da zama. Dauda ya ce wato dai baɗi ma za ta zo. Ta ce za ta zo mana, gidan wa za ta bi in ba namu ba?

Ta koma Gidan Waya da aka buɗe makaranta. Tana shan maganinta, tana zuwa ganin likita, kuma ta san idan duhun ya sake leƙowa ba sai ta ɓoye ba. Ba na cewa an gama, amma yanzu mun san hanya.

Ubangiji wanda ya riƙe ki a wancan ɗaki, ya riƙe jikarki a nata. Ya ba iyayen da suke karanta wannan takarda idon ganin 'ya'yansu yadda aka ba su su, ba yadda suka yi oda ba. Ya ba kowane yaro da yake kwance da nauyin da ya kasa faɗa wanda zai zauna kusa da shi, da ƙarfin halin neman taimako. Ke kuma ya ƙara miki hutawa cikin salamarsa, har ranar da za a kira gidanmu a can, mu taso, masu rawa da masu tafiya. Amin.

Ni ce 'yarki mai kewarki kullum,
Hannatu
Kafanchan